Filin da Ke Ƙarƙashin Gidan Auta

Litinin, 3 ga Maris

Ƙafar hagu ta kwana a kumbure, numfashi dai da dama-dama. Na sha ƙwayar safe. Gajimare kaɗan ta gabas, iska a kwance. Na bar aikin duba yanayi tun kaina na da sauran baƙin gashi, amma har yau ban iya buɗe taga ban ɗaga kai sama ba.

Kyaftin ya bugo waya. Muryar ta dushe, bakin yana nan yadda na san shi. Ya ce, "Sarkin Gajimare, kana da rai, ko mu zo gaisuwa?" Na ce ina jira ya riga ni, ai shi ya saba yin gaba ya bar mu a ƙasa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ɗansa zai kawo shi ranar Asabar ta sama, sha biyar ga wata, amma da sharaɗi, in tayar masa da filinmu. "Ina so in sauka a titina sau ɗaya kafin idon nan ya ƙarasa tafiya."

Na ce to. Baki ya riga hankali.

Filin namu, inda na ƙare ƙuruciyata ina auna iska da ruwan sama, shi kuma yana tashi yana sauka da ɗan jirgin wasiƙu, an rushe shi tuntuni an yi rukunin gidaje a kai. Inda ya rage kawai cikin wani faifai ne da Kyaftin ya kawo mini shekarun baya. Wani bawan Allah ne, ban san sunansa ba, ya zauna ya gina filin kakaf don manhajar nan ta koyon tuƙin jirgi a kwamfuta. Ni Magini nake ce masa. A tsohuwar kwamfutata muka riƙa sauka a kai ni da Kyaftin, shi yana tuƙi ni ina faɗa masa iska. Kwamfutar ta mutu bara. 'Yata Auta ta sayo mini sabuwa, mijinta ya sa mini sabon samfurin manhajar. Shi kuwa sabon bai san filinmu ba.

Talata, 4 ga Maris

Gaskiya ɗaya ce, sabuwar manhajar nan abin kallo ce. Na tashi da ƙaramin jirgi da hantsi, rana ta bugi fiffike har sai da na kare ido. Gajimaren ne suka fi kashe ni. Gindinsu a shafe, kansu a murtuke, inuwarsu tana tafiya a kan gonaki. Duk wanda ya yi su ya taɓa zama ya dubi sama da natsuwa. Da na san shi da na miƙa masa hannu. A tsohuwar manhaja gajimare kamar audugar da aka liƙa a bango suke, muna haƙuri da su ne kawai.

Surukina ya ce daga hotunan tauraron ɗan'adam take gina gari, yadda yake a yau. Haka ne kuwa. Na bi titin jirgin ƙasa har inda filinmu yake, babu komai sai rufin gidaje layi-layi. Na gane wurin ne da gidan Auta. Shi kaɗai ne mai shuɗin rufi, da bishiya a bayansa, daidai inda titin jirgi ya ƙare ta gabas. Na karkata na koma.

Ita ce take ta nacin in koma wurinta. Na gaya mata ba zan kwana a kan titin jirgi ba.

Na ɗauko faifan, na goge shi da gefen riga, na zagaye kwamfutar gaba da baya. Babu ramin sa faifai. Ko alamarsa babu.

Alhamis, 6 ga Maris

Jiki da sauƙi. Na tare Injiniya a matakala, matar nan ta saman bene da ke kula da kwamfutocin wata masana'anta. Tana ɗauke da kayan cefane, ga gajiya a fuskarta, amma da ta ga faifan sai ta ajiye leda ta ce, "Kai, Baba! Wannan ai ya girmi aurena."

Da la'asar ta sauko da wata 'yar na'ura mai cin faifai, ta haɗa da waya, ta kwashe komai zuwa cikin kwamfutar. Na zaci shi ke nan. Ta ce ina! Tsohon kaya da sabuwar manhaja ba yarensu ɗaya ba. "Kamar ka ciro ƙofar tsohon gida ne ka ce za ka sa a sabo. Itacen na da kyau, amma sai an fere." Ta ce akwai wata ƙaramar manhaja mai juya irin waɗannan tsofaffin fayiloli, wasu mutane ne suka rubuta suka bari kyauta ga duk mai so. Na tambaye ta me suke samu. Ta ce ba komai, sha'awa ce kawai.

Na daɗe ina juya maganar. Mutanen da ba su san ni ba, ba za su taɓa sanina ba, sun ɓata lokacinsu don kada aikin wani ya mutu. Ashe akwai sauran irinsu.

Yatsunta a kan madannai kamar ruwan sama a kan kwano. Ba ta kallon hannunta ma.

Juma'a, 7 ga Maris

Jiri. Ban kunna komai ba.

Asabar, 8 ga Maris

Mun gwada. Na yi dariyar da rabona da irinta tun marigayiya na da rai.

Filin ya fito, amma a rataye. Titin jirgin yana can sama a kan wani tudu mai gefe a tsaye kamar an yanka da wuƙa, gidajen mutane na ƙarƙashinsa. Hasumiya baƙa ƙirin, rumfar jirage baƙa, ɗakina na yanayi kamar an yi gobara. Injiniya ta riƙe ciki ta ce, "Baba, a nan kuka yi aiki? Da tsani kuke hawa?"

Ta ce baƙin nan ba komai ba ne, fentin ginin ne manhajar ba ta gane ba, za ta juya hotunan ɗaya bayan ɗaya. Tudun kuwa saɓanin awo ne. Magini ya sa tsayin filin daga teku yadda yake a tsofaffin takardu, sabuwar manhaja kuma tana da nata awon ƙasar. Na faɗa mata lambar da ka, ita ce dai wadda Magini ya sa, ita muka yi shekaru muna ba matuƙa. Ta duba ta ce na yanzu ya ɗan fi ƙasa. Na so in yi gardama. Sai na tuna da me aka auna namu, mutum biyu da sanda da madubi a cikin rana. Su kuwa daga sama suka auna, kowace taƙi. Ban ji haushi ba. Namu ya sauke jirage lafiya, nasu ya fi daidai. Na ce ta sa nasu.

Ta sa. Filin ya sauko ya kwanta a ƙasa kamar raƙumi.

Lahadi, 9 ga Maris

Auta ta zo da abinci da magani. Ta tsaya a bakin ƙofa tana haki ta ce, "Baba, ni da nake da ƙafa biyu lafiyayyu benen nan yana gaya mini magana, balle kai." Ta ga kumburin ƙafar duk da na ja bargo na rufe. Idon uwarta gare ta.

Ta sake kawo zancen. An gyara ɗakin ƙasa, an yi fenti, an sa gado, babu matakala ko ɗaya. Na ce na ji. Ta ce kullum na ji, na ji. Na ce to ban ji ba. Ta yi murmushi amma ba har ciki ba.

Na nuna mata abin da muke yi. Ta dubi allo ta ce, "Yanzu kai da Baba Kyaftin wasan yara za ku zauna yi?" Na ce wasan yaran nan ne ya biya mata kuɗin makaranta. Ta wanke kwanuka, ta canza zanen gado, ta jera ƙwayoyi a kan tebur yadda zan gani. Da ta tafi ɗakin ya yi girma.

Litinin, 10 ga Maris

Injiniya ta gama juya fentin jiya, yau ta sa. Ta tafi aiki ta bar ni da shi.

Allah Ya yi wa Magini albarka, ko yana raye ko ya riga mu. A tsohuwar kwamfuta komai a dushe yake, ban san iyakar aikin da mutumin nan ya yi ba sai yau. Na bar jirgin na riƙa yawo da ido cikin filin. Ga hasumiya da tagoginta masu karkata. Ga tankin ruwa da tsatsarsa ta gefen arewa, inda yake ɗiga. Ga buhun nuna iska a kan sandarsa, jan ya koɗe daidai yadda rana ta koɗar da shi. Ga farin akwatin ma'aunin zafi mai ƙafa huɗu, ƙofarsa tana kallon inda ya kamata, ba wurin rana ba. Wanda bai yi aikin ba bai san wannan ba, ko kuma ya yi tambaya har ya sani. Ga bencin da muke shan shayi muna jiran jirgin yamma.

Sai na zagaya bayan ɗakin yanayi. Keke a jingine da bango. Baƙi, da kwando a gaba, kwandon ya ɗan karkace hagu.

Kekena ne. Ni na karkatar da kwandon, ranar da na faɗa rami ina kallon sama.

Tabbas daga wani tsohon hoto ya ɗauka. Bai san mai keken ba. Babu wanda zai zarge shi in ya bar shi, wa ke duba bayan ɗaki daga cikin jirgi? Amma ya ga keke a wurin, ya ce keke na wurin, ya gina shi. Na cire tabarau na goge, na sake gogewa.

Talata, 11 ga Maris

Ƙirji ya ɗan riƙe da safe, ya saki. Na koma na gaida kekena.

Laraba, 12 ga Maris

Saura matsala ɗaya, ita ce babba. Filin ya zauna, amma sabuwar manhajar ba ta fasa gina gidajenta ba. Sun tsiro ta cikin titin jirgi kamar naman kaza, wani bene ya fito ta tsakiyar rumfa, ga sandunan lantarki a inda jirgi ke juyawa. Ko tsuntsu ba zai sauka ba.

Injiniya ta ce maganinsa a zana akwati a kan taswira, a gaya wa manhajar duk abin da ke cikin nan kada ki gina. Ta nuna mini yadda ake jan kusurwa, ta ce, "Kai ka san iyakar gonarka, Baba. Ni in na ja, zan haɗa da kasuwa." Ta hau sama ɗora girki.

Hannuna na rawa, layin yana ta guduwa. Na dafe dama da hagu. Na bi tsohon shinge yadda na san shi, daga bakin titin jirgin ƙasa, zuwa kwalbati, zuwa inda ƙofar shiga take, na zagayo ta gabas na rufe. Sannu ba ta hana zuwa. Kafin magariba na gama.

Alhamis, 13 ga Maris

Ya tashi! Filinmu ya tashi!

Fes, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ciyawa a gefe tana kaɗawa, buhun iska yana nuna yamma. Tsohon filin a ƙarƙashin sabon sama. Ko a zamaninsa ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Injiniya ta tafa, ta ce in sauka mu gani. Na sauka irin saukar mai duba yanayi, jirgin ya yi tsalle kamar ɗan akuya kafin ya natsu. Ta ce da tana ciki da ta nemi a mayar mata da kuɗin tikiti. Na ce komai nisan jifa dai ƙasa ya faɗo.

Na buga wa Kyaftin in yi masa albishir, ba a ɗauka ba.

Bayan ta tafi na sake tashi ni kaɗai, na yi nisa, na juyo. Sai na kama kaina ina neman shuɗin rufi. Kwanakin nan da shi nake gane wurin, don gane wuri kawai. Babu shi. Ciyawa ce a wurin, da farin layin ƙarshen titi. Babu bishiyar, babu igiyar shanya, babu ɗakin da aka yi wa fenti.

Ai na sani. Ni na ja layin, da hannuna biyu ma. Hoto ne kawai a allo, tana can gidanta lafiya lau.

Na kashe kwamfutar ban sauka ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na share ɗaki a zaune, da doguwar tsintsiya. Na jawo kujera ta biyu gaban allo, na sa mata matashi saboda bayan Kyaftin. Na wanke kofunan baƙi. Na goge sandar tuƙi, na ƙara girman rubutun allo saboda idonsa.

Ɗansa ne ya ɗauki waya. Ya ce tsohon yana barci, kwana biyun nan jikin sai a hankali, amma ba ya maganar komai sai tafiyar gobe. Sai ya ce, "Baba, gidan naka akwai bene ne?" Na ce akwai, amma ba shi da yawa. Ya ce to, Allah Ya kai mu.

Da Injiniya ta leƙo na tambaye ta, a cikin hira dai, ko ana iya barin gida ɗaya a cikin akwatin nan. Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce ɗaya tak ba ya yiwuwa, sai dai a ja gefen akwatin ciki, layin gidajen ƙarshe su dawo. "Amma za su ci maka bakin titi, Baba. Abokinka zai zage ka." Na ce tambaya ce kawai. Ta ce ta sani.

Sama a wanke. Gobe babu ruwa, na sa hannu.

Asabar, 15 ga Maris

Ƙafa ta kumbura, ban kula ta ba. Na yi wanka da wuri, na sa farar riga, na dafa ruwan shayi na zuba a fulas. Na kunna kwamfuta na ajiye jirgin a bakin titi, hancinsa yana fuskantar iska, yadda yana zama sai tashi.

Na zauna a taga. Motoci suna wucewa. Wata fara ta rage gudu a ƙofar gida, na miƙe har jiri ya ɗebe ni, ashe mai kawo gas ne. Azahar ta yi. Na buga waya, tana ta ƙara. Na sha shayin kofi ɗaya don kada ya huce a banza.

Zaman jira ba shi da daɗi, hannu yana neman abin yi. Na buɗe taswirar ina dubawa ko layin ya miƙe. Gefen gabas ya ɗan karkace, dama tun ranar na lura. Na ja shi ciki. Wataƙila na ja fiye da yadda karkatar ta buƙata.

Gidajen ƙarshe sun dawo. Titin ya gajarce, amma ɗan jirgin wasiƙu ba ya cin wuri, Kyaftin ya sha sauka a abin da bai kai wannan ba. Na tashi na zagayo ta gabas, rana a gabana tana sunkuyawa. Ga shuɗin rufi, ga bishiya, ga hasumiya a bayansu da tankinta mai tsatsa. Ban taɓa zaton za su zauna wuri ɗaya su yi kyau ba. Na wuce ta kan rufin ƙasa-ƙasa, na sauka. Ko tsalle ɗaya bai yi ba. Babu wanda ya gani.

Na buga wa Auta. Na tambaye ta tagar ɗakin nan ina take kallo. Ta ce, "Wane ɗaki, Baba?" Ta sani sarai. Na ce na ƙasa. Ta ce gabas, babu gini a gabanta, ana ganin hadari tun daga nesa. Na ce don sanin iska ne kawai. Ta ce gobe za ta zo da mota, tana da bayan kaya babba. Na ce ban ce komai ba. Ta ce ita ma ba ta ce ba.

Injiniya ta ce kwamfutar a cire waya uku ne kawai, filin yana ciki duk inda aka kai ta. Na sauke ma'aunin iskana daga bango na naɗe a tawul. Ƙura ta yi masa yawa a can.

Ɗakin nan na gidan Auta dai babu hawan bene. Ko mai keken guragu zai shiga. Na rubuta ne kawai.

Magariba ta yi, na mayar da kofi ɗaya cikin kabad. Kujerar na bar ta inda take. Kyaftin bai zo ba.